Ƙuri'ar Baƙo A Abakpa Nike

Abakpa Nike, unguwa mai cunkoso a ƙaramar hukumar Inugu ta Gabas, ta tara Ibo da baƙi, har da Hausawa 'yan kasuwa. Tun daga 1999 har 2023, PDP ke lashe kujerar gwamnan Jihar Inugu. Amma a zaɓen shugaban ƙasa na 2023, jihar ta juya wa PDP baya, ta ba Peter Obi na jam'iyyar Leba ƙuri'a 428,640.

Duk da haka, cikin mutum fiye da miliyan biyu da aka yi wa rajista, ko kashi ɗaya cikin huɗu bai fito ba. A zaɓen gwamna kuwa, da ratar ƙuri'a 3,343 kacal Peter Mbah ya kayar da Chijioke Edeoga.

Nan ne abin lura ga 'yan'uwanmu, waɗanda wasunsu kan tafi Arewa lokacin zaɓe. A shekarun 1950, Malam Umaru Altine, Basakkwace ɗan NCNC, shi ne Magajin Garin Inugu na farko. Wanda ke biyan haraji a gari, lalle ya kamata ya mayar da rajistarsa can, ya jefa ƙuri'a.