Dick Giordano: hannun da ya yi wa Batman inuwa

Ranar 27 ga Maris, 2010, Dick Giordano ya rasu a jihar Florida ta Amurka yana da shekara 77, bayan fama da cutar kansar jini. Yawancinmu ta fim muka san Batman da Superman, shi ya sa sunan wannan dattijo ba ya cikin bakin mutane. A ganina an yi masa rowar yabo, kuma dalili shi ne irin aikin da ya yi fice a kai.

A Amurka, shafi ɗaya na littafin labarin zane hannuwa da yawa ke taɓa shi. Marubuci ya tsara labari, mai zane ya fitar da shi da fensir, sannan mai tawada ya karɓa. Shi ne zai zauna da burushi da alƙalami ya bi kowane layi, ya yi wa wannan kauri, ya sirantar da wancan, ya zuba baƙi inda ya kamata duhu ya zauna. Idan ka ga Batman tsaye bisa rufin bene, rabin fuskarsa a cikin duhu, mayafinsa kamar zai motsa, to akwai hannun mai tawada a ciki. In ya yi sakaci, zanen gwani sai ya fito ba rai. Giordano ya gwanance a nan, musamman kan zanen Neal Adams a farkon shekarun 1970, lokacin da aka raba Batman da wasan yara aka mayar da shi jarumin dare. Shi ma yana cikin waɗanda suka yi tawadar littafin 1978 da aka gwabza dambe tsakanin Superman da Muhammad Ali, inda Ali ya yi nasara.

An haife shi a New York a 1932. Ya fara aiki da kamfanin Charlton a 1952, ya zama edita a can, ya kula da jarumai irin su Blue Beetle da Captain Atom da Peacemaker. Daga baya ya koma kamfanin DC, inda ya riƙe babban muƙamin edita daga 1983 zuwa 1993.

Abin da ya fi burge ni shi ne wata shawara da ya yanke a kan wannan kujera. DC ta sayi jaruman Charlton, sai marubucin Ingila Alan Moore ya kawo labarin da zai kashe wasunsu, ya ɓata sauran. Giordano ya ga labarin na da ƙarfi, amma bai yarda a salwantar da jaruman da ya yi rainonsu ba. Bai kori Moore da labarinsa ba. Sai ya ce masa ya ƙirƙiri nasa jaruman. Daga nan aka samu Watchmen, fitowa 12 tsakanin 1986 da 1987, da zanen Dave Gibbons. Peacemaker kuwa ya tsira, har John Cena ya fito a matsayinsa a fim.

Duk ranar da tsohon littafin Batman ya faɗo hannunka, mai karatu, ka duba jerin sunayen da ke shafin farko, ka nemi na mai tawada.