Lokacin da dokar ƙin Yahudawa ta iso bakin Maigatari

Dattawan Darki suna kiran Yaƙin Duniya na Biyu Yaƙin Hitila, kuma abin da aka fi tunawa da shi ɗibar soja ne zuwa Bama da tsadar gishiri da yadi. Ba kasafai ake faɗin cewa daga 1940 zuwa 1942 gwamnatin da ke ɗasawa da Hitila tana iyaka da Lardin Kano ba. Falken da ya tashi daga kasuwar Darki ya yi arewa, da ya wuce Maigatari ya taka ƙasarta.

A watan Yunin 1940 Jamus ta murƙushe Faransa. Marshal Pétain ya kafa gwamnati a garin Vichy, ya miƙa wuya. Gwamnan Chadi, Félix Éboué, baƙar fata, ya ƙi bi, ya koma wajen Janar de Gaulle a watan Agusta. Amma Pierre Boisson, babban gwamnan Faransa na Afirka ta Yamma da ke Dakar, ya tsaya bayan Pétain, don haka Damagaram da Maraɗi suka wayi gari ƙarƙashin Vichy. Aka tsaurara iyaka, 'yan fasa-ƙwauri suka sami abin yi.

Ran 3 ga Oktoba 1940 Vichy ta fitar da dokar Yahudawa, wadda ta kore su daga aikin gwamnati da koyarwa da jarida. Ba Jamusawa ne suka rubuta musu ba, Faransawan ne da hannunsu. Yahudawan Afirka ta Yamma tsiraru ne ƙwarai, duk da haka sai da aka bi su aka ƙidaya, aka sallami masu aiki. Wannan naci shi ya fi ba ni tsoro: ma'aikacin ofis ya zauna cikin zafi yana binciken kakannin mutum, alhali babu sojan Jamus ko ɗaya a kansa.

A arewacin hamada abin ya fi muni. Yahudawan Aljeriya fiye da 100,000 suka rasa takardar zama 'yan ƙasar Faransa. A 1941 Vichy ta tayar da shirin layin dogo daga Bahar Rum zuwa kogin Kwara, ta zuba fursunoni, Yahudawa da 'yan gudun hijirar Sifen, suna fasa dutse a sansanoni irin su Bou Arfa. A Libiya, inda ayarin Kano ya saba zuwa, 'yan fasist na Mussolini suka tara Yahudawa a sansanin Giado a 1942, fiye da 500 suka mutu da yunwa da cuta.

Baƙar fata ma bai tsira daga wannan aƙida ba. A Chasselay ta ƙasar Faransa, a 1940, sojan Jamus suka ware sojojin Afirka da suka kama daga fararen, suka harbe su.

A nan gida, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a Zariya a 1939 Abubakar Imam yana edita, ita ke kai wa masu karatu labarin muguntar Hitila. Gaskiya ta faɗa, sai dai Ingilishi ma daga 1942 suna ɗibar talakawa aikin tilas a haƙar kuza a Jos, inda sanyi da cuta suka kashe mutane da dama. Boisson kuwa bai saki Vichy ba sai a Nuwamba 1942, bayan sojojin Amurka da Ingila sun sauka Maroko da Aljeriya.