Yadda ake sanya ma'aunin maziyarta a shafin intanet, da inda alƙalumansa ke yaudarar ɗan kasuwa

Dillalin albasa a kasuwar Ose ta Onitsha, ko mai dabbobi a Gariki da ke Enugu, ko mai kayan gwari a Fruit Garden ta Fatakwal, ya san yawan mutanen da suka tsaya a rumfarsa ko da bai ƙirga ba. Ya san wanda ya taya ya wuce, ya kuma san wanda ya dawo da yamma. Amma da zarar ya buɗe shafin intanet domin tallar hajarsa, sai wannan ido ya rufe, don shafin ba ya gaya masa ko mutum ɗaya ne ya leƙo ko dubu. Abin da ke mayar masa da idon shi ne wasu 'yan layukan rubutun kwamfuta da ake maƙalawa a shafin, masu aika rahoto duk lokacin da wani ya buɗe shi.

Wanda aka fi amfani da shi shi ne Google Analytics, kuma kyauta ne. Mai shafi zai yi rajista da adireshinsa na Gmail, ya shigar da sunan shafin, ya zaɓi agogon Najeriya da kuɗin naira. Daga nan za a ba shi lamba mai farawa da harafin G, tare da rubutun da zai kwafa ya liƙa a sashen saman kowane shafi, wanda masu gina shafuka ke kira head. Mai amfani da WordPress na iya barin manhajar Site Kit ta yi masa aikin, mai Blogger kuma akwai gurbin da zai rubuta lambar kawai. Idan wanda ya gina shafin ya bar tsohuwar lamba mai farawa da UA, to ba ta ƙirga komai, domin Google ya dakatar da wannan tsari tun ranar 1 ga Yulin 2023. Liƙa rubutun sau biyu kuwa na iya ninka lissafin. Gwajin mai sauƙi ne: a buɗe shafin a waya, sannan a duba rahoton da ke nuna waɗanda suka shigo cikin minti 30 da suka wuce.

Sanyawar ba ta da wuya. Karanta sakamakon ne ke buƙatar hattara, musamman ga Bahaushen da ke kasuwanci a Kudu.

Ma'aunin ba ya ganin inda mutum yake tsaye. Hasashe yake yi daga adireshin intanet da kamfanin waya ya ba shi. Kamfanonin waya kuwa sukan fitar da masu amfani da layukansu ta manyan cibiyoyi ƙalilan, don haka mai abinci da ke Fegge a Onitsha na iya bayyana a rahoto a matsayin mazaunin Legas. Haka ma masu manhajar Opera Mini a tsarinta na tsimin data, waɗanda shafi ke biyowa ta na'urorin kamfanin kafin ya iso wayarsu: wasu a ƙirga su a wani wuri dabam, wasu a rasa su. Wanda ya ga Legas ta yi rinjaye ya karkatar da motar tumatir can, to ya yi ciniki da zato, tumatir kuma ba ya jiran a gyara kuskure. Batun harshe ma haka yake. Rahoton na nuna harshen da aka saita waya a kai ne, ba wanda mai ita ke magana da shi ba, shi ya sa Bahaushe da Ibo da ɗan Ijaw duk suke fitowa a matsayin masu Turanci.

Sai WhatsApp, inda a gaskiya ake ƙulla yawancin cinikin. Mutum ya ga hoto, ya danna maɓalli, ya koma can a yi tayi. Daga wannan lokaci ma'aunin bai ƙara ganinsa ba. Don haka dannar maɓallin ce ya kamata a ware a matsayin babban abin aunawa, ba yawan masu leƙe ba. Mutum goma da suka danna sun fi ɗari biyar da suka kalli hoto suka fita. Akwai kuma matsalar shigowa. Wanda ya biyo adireshin da aka tura a zauren WhatsApp galibi ana rubuta shi a cikin waɗanda suka zo kai tsaye. Maganin shi ne a ɗora wa adireshin alamar da ake kira UTM kafin a tura, ta yadda na zauren 'yan kasuwar Fatakwal zai bambanta da na Facebook.

Duk wannan tattara bayanan mutane ne, kuma akwai doka a kai. Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a Dokar Kare Bayanai ta Najeriya a watan Yunin 2023, wadda ta kafa Hukumar Kare Bayanai ta Ƙasa. Ga ƙananan masu riƙe bayanai, tara na iya kai naira miliyan 2 ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigarsu na shekara, duk wanda ya fi yawa. Ga manya kuwa adadin farko naira miliyan 10 ne. A watan Agustan 2024 hukumar ta ci bankin Fidelity tarar naira miliyan 555.8, kuma cikin abubuwan da ta ambata har da amfani da kukis, wato 'yan alamomin da shafi ke ajiyewa a wayar maziyarci domin ya gane shi in ya dawo. Bankin ya musanta aikata laifi.

Abin da ya rataya a wuyan mai ƙaramin shafi bai kai wahalar da ake zato ba. Ya sanya sanarwa a bayyane, mai bai wa maziyarci zaɓin amincewa ko ƙi, a kuma saita ma'aunin kada ya fara aiki sai an amince. A nan ne da yawa ke tuntuɓe: sanarwar na nan, amma rubutun ya riga ya aika rahoto tun kafin a taɓa ta. Tunda abokan cinikin Onitsha da Enugu da Fatakwal ba duka ke jin Hausa ba, ya dace sanarwar ta zo da Hausa da Turanci. Sannan kada sunan mai saye ko lambar wayarsa su shiga cikin rahoton. Sharuɗɗan Google sun haramta hakan, kuma kamfanin na iya rufe asusun wanda ya saɓa.