Gamin Sinadarai Biyu Wajen Tsabtace Gurɓataccen Ruwa da Hasken Rana

Maƙasudin wannan takarda shi ne mu duba dalilin da ya sa masana suka koma ga gama sinadarai biyu domin wargaza dauɗar ruwa da haske.

Tun 1972, lokacin da Fujishima da Honda na ƙasar Japan suka nuna cewa titaniyam dayoksaid na iya raba ruwa idan haske ya sauka kansa, aka ɗora buri kan wannan farin gari. Haske kan tayar da ilektiron daga mazauninsa, ya bar gurbi, kuma su biyun ne ke haifar da ƙwayoyin da ke farfasa rini da maganin ƙwari. To amma ba ya motsi sai da hasken altirabayolet, wanda bai wuce kashi 5 cikin 100 na hasken rana ba. Hasken da ido ke gani, fiye da kashi 40, yakan tafi a banza.

A 2009 aka nuna cewa kabon naitiraid yana aiki da hasken da ido ke gani. Rawayan gari ne, ana ma iya samunsa ta gasa takin yuriya a zafin digiri 550. Aibinsa shi ne ilektiron kan koma gurbinsa nan da nan, kafin ya tsinana kome. In aka manna shi da titaniyam dayoksaid, sai ilektiron ya tsallaka can, gurbin ya tsaya nan, kowanne ya sami sararin aiki.

Sai dai muna da ja kan yawan gwaji da shuɗin rini cikin tsabtataccen ruwa. Rinin kansa yana shan haske, kuma gushewar launi ba ta tabbatar da gushewar guba. A ganinmu, ruwan masana'antun Sharaɗa da Challawa a Kano, mai duhu da gishiri, shi ya kamata a gwada.