Wa Zai Zama Gwarzon Ɗan Ƙwallon Afirka? Ga Yadda Ake Hango Shi Tun Ba A Faɗa Ba

Wannan shi ne taƙaitaccen abin da muka tattauna a filinmu na wasanni, saboda waɗanda shirin ya wuce su.

Abin da ya jawo zancen saƙo ne na wani mai sauraro da ke fataucin albasa tsakanin Gallabat da Matama. Ya ce a 2025 ya yi musu da abokinsa a wajen mai shayi kan wanda zai zama gwarzon ɗan ƙwallon Afirka, har suka aza kuɗi. Shi ya tsaya kan Muhammad Salah na Masar, kuma yana da hujja: a kakar nan Salah ya ci ƙwallo 29 a gasar Firimiya ta Ingila, ya ba da 18 aka ci, Liverpool ta ɗauki kofi. Da aka zo ranar a Rabat, cikin watan Nuwamba, sai aka kira Ashraf Hakimi na Maroko, wanda ma ɗan baya ne. Kuɗin mutuminmu suka tafi. Tambayarsa ita ce: zalunci aka yi, ko shi ne bai iya lissafi ba?

To, malam, amsar a takaice ita ce ka auna ɗan wasa, ka manta ba ka auna masu zaɓe ba. Kai da kanka ka san wannan a sana'arka. Sa yana iya zama ya fi kowane sa a garke, amma ranar kasuwa idon mai saye ne ke yanka masa kuɗi. Dillalin kirki da ya kalli dabba sai ya kalli wanda ya zo saye. Haka wannan kyauta take.

Su wa ke zaɓen?

Mujallar France Football ta Faransa ce ta fara ba da kyautar a 1970, Salif Keita na Mali ya fara karɓa. Daga 1992 hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka, wato CAF, ta fara ba da tata, kuma ita ce ake ji da ita yanzu. Hukumar nan fa a nan gida aka haife ta: a Hartum aka kafa ta a 1957, Sudan da Habasha suna cikin ƙasashe huɗun da suka kafa ta, tare da Masar da Afirka ta Kudu.

Ba na'ura ce ke ƙirga ƙwallaye ta fitar da suna ba. Mutane ne ke jefa ƙuri'a: masu horar da ƙungiyoyin ƙasashe, kyaftin-kyaftin, 'yan jarida da ƙwararrun hukumar, kodayake tsarin yakan ɗan canza daga shekara zuwa shekara. Mutane ne masu aiki a gabansu, ba su kallon kowane wasa. Abin da ya tsaya musu a rai shi suke zaɓa. In ka riƙe wannan, sauran tambayoyi huɗu ne.

Ta farko: a ina yake wasa?

Tun daga 1995, shekarar George Weah na Laberiya, zuwa Hakimi a 2025, duk wanda ya karɓi kyautar a wata ƙungiyar Turai yake wasa. Babu ko ɗaya da ya karya wannan. A da ba haka abin yake ba, don Mahmud Khatib ya ci a 1983 yana Ahli ta Alƙahira.

Dubi abin da ya faru da Muhammad Abu Tirika a 2008. Shi ya ci ƙwallon da ta ba Masar kofin Afirka a wasan ƙarshe da Kamaru. A shekarar kuma ƙungiyarsa ta Ahli ta ɗauki kofin zakarun Afirka. Me ya rage mutum ya yi? Duk da haka na biyu ya zo, aka ba Emmanuel Adebayor na Togo, wanda ke cin ƙwallaye a Arsenal, duniya na kallo duk mako.

Wannan shi ne amsar masu tambayarmu me ya sa ba a jin sunan 'yan Hilal ko Marrikh, irin su Muhammad Abdurrahman Garbal. Yaranmu sun yi abin a yaba. Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya raba su da filayensu, har Hilal da Marrikh suka je suka buga kakar 2024 zuwa 2025 a gasar Muritaniya. Ƙungiyar ƙasa kuma, ƙarƙashin koci Kwesi Appiah, ta samu gurbin gasar kofin Afirka ta 2025 ba tare da ta buga wasa ko ɗaya a gida ba, Ghana da ke rukuninsu ta zauna. Amma sa mai ƙiba da ke can cikin daji, mai saye bai gan shi ba. Shi ya sa hukumar ta ware wata kyauta daban domin masu wasa a cikin nahiyar. In kana neman sunan namu, can za ka duba.

Ta biyu: wane wuri yake tsayawa a fili?

Jera sunayen ka gani: Rashidi Yekini, Nwankwo Kanu, Samuel Eto'o sau huɗu, Didier Drogba sau biyu, Salah sau biyu, Sadio Mane sau biyu, Victor Osimhen. Kusan duk masu zura ƙwallo ne. Yaya Toure da ya ci sau huɗu a jere, daga 2011 zuwa 2014, ɗan tsakiya ne, amma irin mai hawa gaba yana ci.

Mai tsaron raga kuwa, aikinsa irin na makiyayi ne. Ka yi wata uku kana tsare garke ba wanda ya ce sannu, ranar da kura ta ɗauki maraƙi ɗaya kowa ya san sunanka. Thomas N'Kono na Kamaru ya ci a 1979 da 1982, Badu Zaki na Maroko ya ci a 1986, daga nan ƙofa ta rufe. Isam Hadari na Masar, wanda ya taɓa tsare wa Marrikh raga a Umdurman, kofin Afirka huɗu ya ɗauka, bai taɓa karɓar wannan kyauta ba. Yanzu masu tsaron raga suna da tasu daban. Ronwen Williams na Afirka ta Kudu ya karɓe ta a 2024, shekarar da ya tare bugun fenariti huɗu a dare ɗaya a karawarsu da Kep Bad.

Ta uku: yana da daren da ba a mantawa?

Nan ne gishirin zancen, kuma nan mutuminmu na Gallabat ya zame. Ƙwallo talatin da aka ci ɗaya-ɗaya cikin wata tara tamkar ruwan yayyafi ne. Masu zaɓe sun fi tuna ruwa ɗaya mai ƙarfi da ya cika fadama.

Ademola Lookman na Najeriya bai fi kowa yawan ƙwallaye ba a 2024. Amma ranar 22 ga Mayu, a wasan ƙarshe na kofin Europa, shi kaɗai ya zura wa Bayer Leverkusen uku, ƙungiyar da ta yi wasa 51 ba a doke ta ba. Tun daren nan masu lura suka san inda kyautar ta nufa. Sadio Mane a 2022 shi ya buga fenaritin ƙarshe da ya ba Senegal kofin Afirka na farko a tarihinta, kuma Masar ɗin Salah aka doke. Osimhen a 2023 ƙwallo 26 ya ci a gasar Italiya, amma abin da ya ɗaga su shi ne Napoli ta ɗauki kofin da ta yi shekara 33 tana nema. Riyad Mahrez na Aljeriya a 2016 yana cikin 'yan Leicester da suka ɗauki kofin Ingila ba wanda ya zata.

Yanzu koma kan Hakimi. Ƙungiyarsa ta Paris Saint-Germain ta ɗauki kofin zakarun Turai karo na farko a 2025, ta lallasa Inter da ci 5 da nema, kuma shi ya buɗe ragar a wasan ƙarshen. Salah yana da lissafi, Hakimi yana da dare. Daren ya rinjaya.

In shekarar Kofin Duniya ce, kamar 2026, to daren nan galibi can ake samunsa. Roger Milla ya karɓi kyautar a 1990 yana da shekara 38, bayan ya kai Kamaru zagayen kusa da na kusa da ƙarshe. El Hadji Diouf ya karɓa a 2002, shekarar da Senegal ta kayar da Faransa mai riƙe da kofi a wasan buɗe gasa.

Ta huɗu: ma'aunin masu zaɓen yana nan yadda ka san shi?

Mudu yakan canza a kasuwa, wanda bai lura ba shi ake ƙwara. Kafin Hakimi, rabon da ɗan baya ya zama gwarzon Afirka tun Bwanga Tshimen na Zayar a 1973. Shekara 52 ke nan. Wanda ya ce ɗan baya ba ya ci yana da tarihi a bayansa, amma tarihin bai biya masa kuɗinsa ba.

Ba a ƙwallon ƙafa kaɗai ake ganin haka ba. A Amurka akwai wasan da suke kira besbol, inda mutum ɗaya ke jifa da ƙwallo, abokin hamayya ya yi ƙoƙarin maka ta da sanda. Tun 1956 suke ba gwanin masu jifa wata kyauta mai suna Cy Young, 'yan jarida ke zaɓe. Shekara da shekaru, abin da aka fi dubawa shi ne yawan wasannin da mutum ya ci. Sai a 2010 suka ba Felix Hernandez, wanda ya ci 13 aka ci shi 12, don sun gane shi ya fi kowa hana abokan hamayya ci, 'yan ƙungiyarsa ne ba su taimaka masa ba. Masu hasashe da tsohon mudu duk suka sha ƙasa.

To, in ka haɗa huɗun nan, ka gama ke nan?

A'a, kuma kada wani ya ce rediyo ta ce ya aza kuɗinsa. A 2013 Najeriya ta ɗauki kofin Afirka, mutane da yawa suka ce John Mikel Obi ne, aka ba Yaya Toure. A 2015 Yaya ɗin da kansa ya ɗaga kofin Afirka a matsayin kyaftin ɗin Kodebuwa, sai aka ba Pierre-Emerick Aubameyang na Gabon, har Yaya ya fito ya nuna fushinsa a fili. A 2020 da 2021 ma ba a ba kowa ba. Tambayoyin nan za su rage maka sunaye daga talatin zuwa biyu ko uku. Tsakanin biyun nan kuwa, zuciyar mutanen da ba ka taɓa gani ba ce ke yanke hukunci, kuma ba mai hankalin da ke jingina jarinsa a kan zuciyar baƙo.

Saboda haka in musu ya tashi a wajen mai shayi ko gidan kallo, ka bar mai hayaniya ya gama. Sannan ka tambaye shi a hankali: ina gwaninka yake wasa, ina yake tsayawa, wane kofi ya ɗaga, wane dare ne nasa? In ka ci musun, ya saya maka shayi. In ya ci, ka saya masa. Kuɗin albasa da na tumaki su kwana a aljihu.

Mai son ya aiko da nasa hasashen, ƙofa a buɗe take, za mu karanta a shiri na gaba tare da hujjar kowa. Allah ya kiyaye hanya, ya albarkaci garke da kasuwa.