Guntun Gatarinka Ya Fi Sari Ka Ba Ni: A Dawo Da Lambun Bayan Ɗaki

Duk magidancin da ke zaune a Ikko ko Badun ko Fatakwal, wanda kuma ya saba miƙa kuɗin cefane kowace safiya, ya san cewa ba hatsi kaɗai ke ƙarar da aljihu ba. Buhun shinkafa ko na masara sau ɗaya ake sayensa a wata, a ɗaure a biya, a huta. Amma 'yan ganyayen nan da ke sa miya ta amsa sunanta, watau ɗaɗɗoya da lawashi da na'a-na'a da zogale, su sayensu na kullum ne, kuma ba su kwana. Ganyen da aka sayo da hantsi, kafin la'asar ya yi yaushi, kashegari kuwa sai juji.

Dalilin tsadar ba ɓoyayye ba ne. Galibin albasa da tumatir da tattasai da ake saukewa a kasuwar Mil 12 ta Ikko daga Arewa suke fitowa, tafiyar kimanin kilomita 1,000 daga Kano. Saboda haka duk abin da ya taɓa hanya ko gona, tilas ya taɓa tukunya. A 2016 tsutsar tumatir ta yi ɓarna a gonakin Kano da Kaduna. A 2021, bayan rikicin kasuwar Shasha ta Badun, fatake sun dakatar da kai kayan abinci Kudu na 'yan kwanaki, kayan miya suka yi tashin gwauron zabo. A 2023 aka janye tallafin man fetur, kuɗin mota ya hau, a wannan shekarar kuma cuta ta faɗa wa gonakin citta a Kachia da Kagarko da Jaba. Ya zuwa watan Yuni na 2024, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta bayyana cewa tsadar abinci ta ƙaru da fiye da kashi 40 cikin 100 a shekara guda.

Talaka ba shi da ta cewa game da kuɗin mai, ba shi kuma da gonar shinkafa a tsakiyar birni. Amma akwai sashe guda na tukunyarsa da yake iya ƙwacewa daga hannun kasuwa, ko da a ɗaki ɗaya yake haya. Sashen nan kuwa shi ne ganyen ƙanshi da na miya, waɗanda ba su bukatar fili, sai dai bokiti da ƙasa da 'yar kulawa.

INDA MUKA BARO

Wannan fa ba baƙon abu ba ne. A ƙauyukanmu, da wuya a shiga gida a rasa bishiyar zogale a jikin danga, da ɗaɗɗoya kusa da randa inda ruwa ke ɗiga, da kabewa ta haye rufin ɗaki, ga kuma rama da yakuwa a bayan gida. Uwargida takan ɗora tukunya, sa'an nan ta zaga ta tsinko abin da take so. Da aka koma birni aka shafe tsakar gida da siminti, sai al'adar ta bi ruwa, har ya zama ganyen da kakanninmu ke kyauta da shi ga maƙwabta, yanzu sai an ƙirga kuɗi a kansa.

Hukuma ma ta taɓa gwada farfaɗo da abin. A 1976 gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta ƙaddamar da shirin Ciyar da Ƙasa, inda aka yi kira ga makarantu da ofisoshi da magidanta su noma duk filin da ke kusa da su. A 1980 gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta maye gurbinsa da nata shirin na bunƙasa noma. Shirye-shiryen sun zo sun wuce, kamar yadda na hukuma suka saba. Darasin da ke ciki shi ne, lambun da ya dogara ga sanarwar gwamnati yakan mutu tare da sanarwar. Wanda ke daɗewa shi ne wanda uwargida ta ga amfaninsa a miyar dare.

TUKUNYA DA ƘASA

Abu na farko shi ne mazubi. Tsohon bokiti da ya fashe, ko kwanon roba, ko buhun shinkafa da aka naɗe bakinsa, ko tukunyar ƙasa da ta tsage, duk suna yi. Sai dai a guji duk mazubin da aka taɓa zuba baƙin mai ko fenti ko maganin ƙwari a ciki, domin abin da za a shuka ciki zai shiga. A huda gindin mazubin wuri huɗu ko biyar, a zuba 'yan tsakuwa, kana a ɗora shi a kan duwatsu ko bulo don ruwa ya sami mafita. Zurfin ƙafa ɗaya ya ishi yawancin ganyaye.

Ita kuwa ƙasa, a haɗa kashi biyu na baƙar ƙasa da kashi ɗaya na yashi da kashi ɗaya na taki. Lalle ne takin ya zama wanda ya ruɓe ya huce. Ɗanyen kashin kaji yana da zafi ƙwarai, yakan ƙone saiwa cikin 'yan kwanaki. A ajiye mazubin inda rana za ta same shi kamar awa biyar ko shida, an fi son ta safe. Ruwan alwala da ruwan da aka wanke shinkafa ko ganye sun isa ban ruwa, amma ban da ruwan wanki mai sabulun gari, ban da kuma mai gishiri.

ABIN DA ZA A FARA DA SHI

Wanda bai taɓa yi ba kada ya kwashi iri goma a rana ɗaya. Ya fara da uku: ɗaɗɗoya da na'a-na'a da lawashi. Ukun nan ba sai an sayi iri ba, daga cefanen yau ma ana samunsu.

Ɗaɗɗoya iri-iri ce. Akwai babba mai faɗin ganye, wadda Yarabawa ke kira efinrin, Ibo kuma nchanwu, takan yi tsawo har ƙirjin mutum ta kuma shekara da shekaru tana ba da ganye. Akwai kuma ƙarama, 'yar'uwar wadda ake kira ganyen kori a kasuwannin Kudu. A yanko reshe mai tsawon taƙi ɗaya, a zage ganyen ƙasa, a tsoma shi cikin kofin ruwa ana sauya ruwan. Cikin mako ɗaya ko biyu zai fid da saiwa, sai a dasa. Asirinta guda ne: duk sa'ad da ta fara fure a tsinke kan, domin in ta yi 'ya'ya sai ta rage ba da ganye. Yawan tsinka kuwa ƙara mata rassa yake yi.

Na'a-na'a ita ma da reshe ake dasa ta. Tana son danshi da 'yar inuwa, kuma tana yaɗo ta ƙarƙashin ƙasa, saboda haka a ba ta kwanonta ita kaɗai, in ba haka ba sai ta shaƙe abokan zamanta. Lawashi kuwa ya fi kowa sauƙi. Albasar da ta fara tsiro a kwando, wadda aka saba jefarwa, ita za a binne a bar kanta a waje. Bayan mako biyu zuwa uku an fara yanka, in an bar gindin kuma zai sake tohowa.

In hannu ya faɗa, sai a ƙara da zogale. Ana shuka ƙwayarsa ko a kafa reshe a babban buhu. Da ya kai tsawon ƙugu a sare kansa, domin ya yi rassa a ƙasa inda hannu zai kai. Citta kuwa sai mai haƙuri: a binne gutsure mai ido a buhu a farkon damina, a wuri mai inuwa, ba za a tone ta ba sai bayan wata takwas zuwa goma, lokacin da ganyenta ya bushe. Lansir shi ne mai gaggawa, yakan tsiro cikin kwana biyu ko uku, a yanke shi bayan kamar mako biyu, amma ɗan sanyi ne, lokacin hunturu ya fi yi masa.

KUDU DA AREWA BA ƊAYA BA

Kuskuren da 'yan Arewa mazauna Agege ko Sabon Badun suka fi yi shi ne yawan ban ruwa, don sun saba da ƙasar da ke shanye ruwa nan take. Alhali ruwan saman da ke sauka a Ikko a shekara ya kusa ninka na Kano sau biyu. A Kudu, laima ce ke kashe shuka: saiwa ta ruɓe, ganye ya yi rawaya, mai shi kuma ya zaci ƙishirwa ce ya ƙara ruwa. Gwajin mai sauƙi ne. A cusa yatsa cikin ƙasar, in da danshi a bar ta sai gobe. In damina ta yi nisa a janye bokitan ƙarƙashin baranda. Kada kuma a bar ruwa ya kwanta a faranti ko gwangwani, domin nan sauro ke ƙyanƙyasa.

A Arewa kuwa abokan gaba su ne zafin bazara da awaki da kaji. A yi ban ruwa da sassafe da kuma yamma, a rufe fuskar ƙasar da busasshiyar ciyawa, a ɗora mazubin a bisa ko a kewaye shi da ƙaya. In ƙwari sun taso, a tsince su da hannu, ko a barbaɗa toka, ko a jiƙa dakakken ganyen darbejiya ya kwana, a tace a yayyafa. Ganyen da za a ci gobe ba a fesa masa maganin kanti.

Nan ma akwai wata riba da ba ta kuɗi ba. Binciken da malaman jami'a suka yi a kan lambunan da ake shayarwa da ruwan kogin Jakara a Kano ya nuna burbushin ƙarafa masu cutarwa, irin su dalma, a cikin ganyayen. A manyan biranen Kudu ma kowa na ganin lambuna a bakin lambatu da gefen titi. Mai saye a kasuwa ba ya iya sanin ruwan da ganye ya sha, amma mai bokiti ya san nasa.

DAGA BOKITI ZUWA MURHU

Shuka rabin aiki ne, sauran rabin yana wurin mai girki. Ƙanshin ɗaɗɗoya da na na'a-na'a wani mai ne da ke cikin ganyen, wanda ke bin tururi ya gudu. Don haka wadda ta zuba ɗaɗɗoya tun farkon sanwa, maƙwabta ta ciyar da ƙanshi, mutanen gida suka sami saura. A farfesun kifi ko na kayan ciki, sai nama ya nuna, saura minti biyu ko uku a sauke, sa'an nan a yayyaga ganyen a zuba a rufe tukunya. Haka na'a-na'a a shayi: sai ruwa ya tafasa an sauke, a jefa ta a rufe buta, yawan tafasa ɗaci yake sa ta.

Citta da tafarnuwa su akasin haka ne, da wuri ake sa su, a soya tare da albasa ko a dafa da nama don su ratsa shi. Lawashi ana raba shi biyu, gindin ya shiga tun wajen suya, koren kuma a watsa a ƙarshe a kan dafa-duka ko wainar ƙwai. Zogale na kwaɗo a dafa shi ya yi laushi a tsane ruwan, a haɗa da ƙuli-ƙuli da albasa da tumatir. Lansir ɗanye ake ci, sai a wanke shi sosai da ruwa mai tsabta.

In ganye ya yi yawa kada a bar shi ya lalace. A shanya shi a inuwa inda iska ke ratsawa, domin rana tana cinye launinsa da ƙanshinsa, kana a adana a kwalba mai murfi. Iyayenmu sun riga mu sanin wannan dabara, shi ya sa suke daka lawashi su dunƙula su busar, ya zama gabu, wanda ke ƙamsasa miyar kuka har cikin rani.

Daɗin daɗawa, miyar da ta ji ganyen ƙanshi ba ta neman gishiri da dunƙule da yawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada babban mutum ya wuce giram 5 na gishiri a yini, watau kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya, har da wanda ke cikin dunƙule. Ga gidan da ke da mai hawan jini wannan ba ƙaramin taimako ba ne, ko da yake ganye ba ya maye gurbin maganin likita.

IYAKAR ABIN

Kada mai karatu ya ɗauka bokiti biyar za su raba shi da kasuwa. Tumatir da tattasai da albasar da gida ke ci a wata sun fi ƙarfin baranda. Akwai kuma masu gidajen haya da ba su son ganin ƙasa a tsakar gida, ga yaran maƙwabta, ga ƙarancin ruwan famfo. Saboda haka ya kyautu a nemi yardar mai gida tun farko, a kuma riƙa tsinkar wa maƙwabta, domin wanda ya ci ɗaɗɗoyarka shi zai kore maka akuya.

Abin da lambun bokiti ke yi shi ne toshe 'yar ƙofar nan da kuɗi ke zurarewa ta cikinta kowace rana, ya kuma sa yaran da aka haifa a birni su san zogale a jikin itacensa. Jarin kuwa bai wuce fasasshen bokiti da reshe ɗaya daga cefanen yau ba. Wanda ya tsoma reshen a kofi a wannan mako, in Allah ya yarda kafin wata biyu su cika zai sha farfesu da ganyen gidansa.