Git: yadda ake warware kuskuren da aka riga aka ajiye

A watan Nuwamban 2013 wani mai rubuta manhaja da ke ba da gudummawa ga shirin Jenkins ya tura aikinsa zuwa GitHub da umarnin tilastawa, bisa kuskure. Kafin a ankara, rumbunan ajiya fiye da 150 sun koma yadda suke a baya, sababbin gyare-gyaren abokan aikinsa sun ɓace daga gani. An samu an dawo da aikin da taimakon GitHub, amma sai da aka sha wahala.

Irin wannan na iya faruwa da duk mai amfani da Git, manhajar da Linus Torvalds ya ƙirƙira a 2005 domin adana tarihin sauye-sauyen da ake yi wa Linux. A yau da wuya ɗalibin kwamfuta a Yamai, Garwa ko Kumasi ya kammala karatu bai ci karo da ita ba. Duk lokacin da mutum ya gama wani gyara, sai ya ajiye shi, abin da masu sana'ar ke kira komit. Kowace ajiya tana da lambar shaidarta, da sunan wanda ya yi ta, da lokacin da aka yi ta. To idan an ajiye kuskure fa?

Tambayar da ta kamata a fara yi ita ce: ajiyar nan tana cikin kwamfutar mai ita kaɗai, ko an riga an tura ta rumbun da kowa ke ɗiba?

Idan an riga an tura, hanyar da ta dace ita ce git revert. Mutum zai nemo lambar ajiyar da git log, sannan ya rubuta git revert tare da lambar. Git ba ya goge komai. Sabuwar ajiya yake yi wadda take akasin ta farko: layin da aka ƙara ya cire shi, wanda aka cire ya mayar da shi. Duk wanda ya taɓa riƙe littafin bashi a shago ya san wannan tsari. Idan an rubuta wa mutum jaka biyar alhali jaka ɗaya ake binsa, mai shagon kirki ba ya yage shafin, sai dai ya rubuta gyara a ƙasa, domin gobe idan gardama ta tashi kowa ya ga abin da ya faru. Wasu sababbin shiga ba sa son wannan hanya saboda tana barin kuskurensu a fili. Wannan kunya ce mara amfani, domin babu ƙwararren da tarihin aikinsa ba shi da irin waɗannan gyare-gyare.

Masu kula da Linux kansu haka suke yi. A watan Afrilun 2021, bayan ta bayyana cewa wasu masu bincike na Jami'ar Minnesota da ke Amurka sun taɓa aika gyare-gyare masu lahani da gangan domin gwaji, Greg Kroah-Hartman ya gabatar da jerin warware ajiya 190 da suka fito daga adireshin jami'ar. Aka bi su ɗaya bayan ɗaya, aka tarar mafi yawansu lafiya lau suke. Da goge su aka yi daga tarihi, da wannan bincike bai yiwu cikin sauƙi ba.

Idan kuwa ba a tura ba tukuna, akwai sarari. Kuskure ƙarami a ajiya ta ƙarshe, kamar fayil ɗin da aka manta, git commit --amend na gyara shi. Domin komawa baya kuma akwai git reset, wanda ke jan reshen aiki zuwa wata tsohuwar ajiya. Da --soft, ajiyar ce kawai ake kwancewa, gyare-gyaren na nan a shirye. Idan ba a ƙara komai ba, gyare-gyaren na nan cikin fayiloli amma sai an sake zaɓo su. Shi kuwa --hard yana share su gaba ɗaya, har da abin da mutum ya rubuta bai ajiye ba, kuma wannan na ƙarshe yawanci ba ya dawowa.

Matsalar tana zuwa ne idan aka yi reset a kan abin da aka riga aka tura. Rumbun zai ƙi karɓar sabon turi, domin tarihin ya saɓa. A nan ne mai gaggawa ke ƙara --force, ya danne aikin wasu da nasa. Idan dole ne a tilasta, --force-with-lease ya fi aminci, saboda yana tsayawa idan ya ga wani ya tura sabon abu da mutum bai ɗauko ba. Ko da hakan, a fara sanar da abokan aiki.

Wanda ya yi reset ya yi nadama kada ya ɗaga hankali. Umarnin git reflog na nuna duk wuraren da reshe ya taɓa tsayawa a wannan kwamfuta, kuma a tsarin asali ajiyar da aka yi watsi da ita tana nan har kwana 30. Da an samo lambarta, an dawo da ita. Masu aiki da Faransanci za su sami cikakken bayanin wannan a littafin Pro Git na Scott Chacon da Ben Straub, wanda aka fassara kuma ake karantawa kyauta a intanet.

Akwai kuskure ɗaya da revert ba ya maganinsa. Idan an tura kalmar sirri ko mabuɗin shiga wani asusu cikin fayil, warwarewa ba ta ɓoye shi, domin tsohuwar ajiyar tana nan, duk mai buɗe tarihi zai karanta. Ana iya kankare shi da manhaja irin git filter-repo, amma wanda ya riga ya kwafi rumbun yana da shi a hannu. Abin yi na farko shi ne a soke wannan kalmar sirri a sa wata, kafin a taɓa tarihin.